Yadda ake haɗa bawul ɗin injin faskaren itace a saita shi

'Yan'uwa masu sana'ar itace a Aboabo da Asawase cikin Kumasi da ke kai wa masu waakye da masu gasa burodi kaya, da ku mastoci na Suame Magazin da ake kawo wa aikin ƙera injin faskare, maganar bawul nake so mu yi, wato abin nan mai liba da ke juya man haidirolik zuwa silinda. Gangar jikin injin da bakin gatarin ba matsala ba ne, ɗan Magazin ba a koya masa walda, amma wajen bawul ne aiki ke lalacewa, kuma a nan ne yatsun mutum suke.

Tun wajen saye ake farawa. Famfon mai da ake sa wa irin wannan injin na giya ne, wato mai haƙora a ciki, muddin inji na juyawa yana tura mai ko ka taɓa liba ko baka taɓa ba, toh dole man ya samu hanyar komawa tanki idan liba na tsakiya. Irin bawul ɗin da ke barin wannan hanyar a buɗe shi ake ce wa ofin senta, shi za ka nema. Idan ka tsinci na tsohuwar mota a wajen masu sikiraf ka gwada shi kafin ka biya, ka bar liba a tsakiya ka hura iska ta ƙofar da aka rubuta P ko IN, in ta fito ta T ko OUT toh shi ne, in ta toshe ka ajiye musu kayansu ko da kyauta ne, don zai shaƙe famfo, inji ya mutu ko mai ya yi ta zafi har ya ƙone roba. Silinda kuma mai ƙofa biyu za ka sa, ta tifa ba ta yi saboda nauyin bodi ne ke mayar da ita.

Haɗin kansa ba wuya. Tanki zuwa famfo hos mai faɗin inci 1, gajere, kada ya lanƙwashe. Famfo zuwa P hos ɗin rabin inci mai waya biyu a ciki. Ƙofofin A da B na bawul su tafi silinda, ɗaya gindi ɗaya wajen da sanda ke fita, in ka tura liba gaba ka ga sanda na komawa baya kawai ka musanya su. T ya bi ta filta ya koma tanki, kuma shi ka ba shi 3/4, don silinda mai inci 4 da sanda mai inci 2 in tana komawa man da ke fita ta gindinta ya fi wanda famfo ke turawa da kashi ɗaya cikin uku, famfon galan 11 a minti sai ka ga kusan galan 15 na komawa.

Dan Allah ku lura da tiredi, wato haƙoran da ake ɗaure bakin hos da su. Kayan Amurka yawanci NPT ne, na Ingila da Turai BSP ya fi yawa, a rabin inci duk biyun za su kama juna har ka ɗauka ya zauna, amma yankan haƙoran ba ɗaya ba ne, sai an ɗora matsi ka ga yana zufar mai. Ka ɗauki bawul ɗin a hannu ka kai wajen masu matse hos su gwada. Kuma sokitin famfon ruwa na gida bai da wuri a layin matsi ko kaɗan, fashewa yake.

Yanzu ga babban aikin, saitin rilif. Shi ne ɗan sukurun da ke kusa da P mai noti a kansa, in matsi ya kai inda aka tsayar sai ya buɗe mai ya zube tanki. Ba a saita shi da kunne ko da jin kukan inji, geji ake sawa, wato agogon auna matsi, mai kai 5000 psi, ka ɗaura shi da ti, wato mahaɗi mai baki uku, a layin P ka bar shi a nan har abada. Ka zuba mai na haidirolik lamba 46 ko 68 tunda garinmu da zafi, ka sassauta notin ka warware sukurun baya, ka tada inji a hankali ka yi ta kai sanda gaba da baya babu itace har ta daina tsalle-tsalle, iska ce ke fita. Ka leƙa tanki ka ƙara mai, don silinda mai inci 4 da tsawon inci 24 ita kaɗai tana shan kusan lita 5. Sannan ka ba inji wuta, ka kai sanda ƙarshe ka riƙe liba daƙiƙa biyu uku ka karanta geji ka saki, ka ɗaure sukurun kwata ɗaya ka sake gwadawa, haka haka har allura ta tsaya 2500 psi, wato wajen 170 bar, sai ka kulle noti. A wannan matsin silindar inci 4 na ba ka kusan tan 14, ya ishi icen tik da dalbejiya da mangwaro. Kuma ka duba abin da aka rubuta a jikin hos da silinda da famfo, wanda ya fi rauni a cikinsu shi ke yanke maka iyaka, kada ka wuce shi.

Abin da ke ɓata min rai shi ne idan gungume mai ƙulli ya ƙi tsagewa sai a ɗauko sifana a ɗaure rilif har ƙarshe wai a ƙara ƙarfi. Wannan kamar cire birki ne don mota ta ƙara gudu. Ka juya gungumen ka ɓalle shi ta gefe, ko ka wasa bakin gatarin.

Liba kuma, tafiya gaba dole ta zama sai hannu na kanta, da ka saki sifirin ya mayar da ita tsakiya sanda ta tsaya cak. Baya ne kawai ake yarda ta maƙale da kanta har sanda ta koma gida ta fizge. In tana fizgewa tun sanda na rabin hanya ka ɗan ɗaure sukurun wannan maƙalin, in kuma ta isa gida ta ƙi saki inji na gurnani ka sassauta, kuma kullum saitinsa ya zauna ƙasa da na rilif sosai. Wanda ke ɗora itace shi ne zai riƙe liba, kada masta ya riƙe gungume yaro na turawa.

Masu sa mota ta lantarki a madadin injin fetur ku tuna wutarmu 50 Hz ce, mota mai sauri na juyi wajen 2900 a minti, famfon kuma an auna shi ne a 3600 na injin fetur mai ƙarfin doki 6.5, saboda haka sanda za ta ɗan yi nawa, ba laifin bawul ba ne kada a taɓa shi.

In ka ga jiƙa a jikin hos kada ka shafa da hannu, kwali za ka kara a wajen. Mai a wannan matsin yana huda fata ya shige ciki, ramin kamar tsinin allura ba ya ma ciwo sosai da farko, amma yana iya jawo a yanke yatsa, in ya faru a wuce asibitin Komfo Anokye a take a gaya musu man haidirolik ne ya shiga. Kafin ka kwance kowane hos ka kashe inji ka kaɗa liba gaba da baya har geji ya koma sifili, bakin da ka buɗe kuma ka toshe shi da leda mai tsabta musamman lokacin hunturu da ƙura ke tashi.