Yadda za ku buɗe ɗakin ƙere-ƙere a laburaren makarantarku ba sai kun jira miliyoyi ba

Ƴan'uwa masu aikin laburare da ɗaliban da ke karantar fannin, wannan maganar taku ce. Ɗakin ƙere-ƙere a laburare wuri ne da ɗalibi zai shigo ya haɗa abu da hannunsa, ya yi ɗinki, ya liƙa waya, ya buga wani ɗan abu na roba da injin 3D, wato injin da ke fitar da abin da aka zana a kwamfuta ya zama abin da za a riƙe a hannu, ba wai ya zauna ya karanta kawai ba. Jami'ar Nevada da ke Reno a Amurka ta fara bai wa duk ɗalibanta damar amfani da injin 3D a laburarenta na DeLaMare tun 2012, sannan a nan Afirka jami'ar Pretoria ta buɗe nata a cikin laburare a 2015. To mu fa? Wallahi ba kuɗi ne kaɗai ya hana mu ba, yawanci daga inda ba daidai ba ake farawa.

Abu na farko, ku nemi mutum kafin ku nemi inji. Mutum ɗaya tak cikin ma'aikata wanda yake son taɓe-taɓe, irin wanda in fanka ta lalace a ofis shi ne zai kwance ta ya duba, a ba shi ɗakin a ce naka ne, a rage masa wani aikin, sai a haɗa shi da ɗalibai biyu ko uku masu SIWES, wato horon sanin makamar aiki, ko ƴan ajin ƙarshe na injiniyarin. In babu wannan mutumin to ko injin miliyan nawa aka kawo zai ƙare a lulluɓe da leda a ofishin wani, maƙulli yana aljihun wanda ya tafi hutu.

Sai wuri. Ba sai kun gina komai ba. Jami'ar jihar North Carolina a Amurka da ta buɗe laburaren Hunt a 2013 sai da ta tattara litattafanta cikin rumbun da mutum-mutumi ke ɗauko su don ta samu fili, mu kam ba ma buƙatar haka, kusan kowace laburare tana da ɗakin da aka jibge tsofaffin jaridu da karyayyun kujeru, shi za ku share. Amma ku duba yana da taga da iska ke wucewa don hayaƙin dalma ba ya da kyau ga huhu, kuma ya yi nesa da ɗakin karatu domin wurin nan za a yi hayaniya, kuma hayaniyar ita ake so. Teburi babba guda biyu a tsakiya ya fi ƙananan tebura a jikin bango, in mutane suna fuskantar juna ne ɗan sashen likitanci zai leƙa abin da ɗan sashen zane yake yi ya ce kai ya aka yi ka yi wannan. Wannan shi ne dalilin da ya sa abin ya dace da laburare ba wani dipatmen ba, laburare ta kowa ce, ba wanda zai ce maka kai ba ɗan sashenmu ba ne.

Kayan farawa kar ku zaƙe. Ƙarfen liƙa waya guda uku ko huɗu, mita ta auna wuta, filaya da sukundireba, allunan Arduino Uno (ƴan ƙananan allunan lantarki da ake tsara musu umarni ta kwamfuta) kamar biyar da ƴan wayoyinsu da sensa, gam mai narkewa, kwali, almakashi, keken ɗinki ɗaya, tsohuwar kwamfuta biyu. Ku sa manhajar FreeCAD ta zana abu da Cura mai shirya zanen don injin 3D a kansu, duk kyauta ne kuma ba sa buƙatar intanet in an riga an sauke su, Tinkercad, shi ma na zane ne, ya fi sauƙi ga ɗan koyo amma shi sai da data. Kayan Arduino ɗin ku zuba kowane saiti a roba mai murfi ku ba shi lamba, a riƙa aronsa da katin laburare kamar littafi, ai wannan aikinku ne tun asali, kun fi kowa iya shi.

Yanzu injin 3D, wanda shi ne kowa ke ɗoki. Ku sayi ƙarami mai araha irin Ender 3 wanda kayan gyaransa ke samuwa, da zaren roba na PLA mai kaurin milimita 1.75, yana narkewa a wajen digiri 200. Ga inda ake shan wahala: ɗan abu kamar hannun ƙofa yana iya cin awa uku zuwa biyar ana bugawa, in aka ɗauke wuta a tsakiya sau da yawa aikin ya tashi a banza da robar duka, don haka tun kafin injin ya iso ku tanadi inbata da batir ko ƙaramar sola, abin daɗin shi ne ba ya jan wuta sosai da zarar farantin da ake buga abin a kai ya yi zafi. Da damina zaren yana shan danshi, za ku ji yana ɗan ƙas-ƙas a bakin injin kuma abin da ya fito duk gashi-gashi, maganinsa a ajiye shi cikin bokiti mai murfi tare da ƴan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin takalmi. Da hunturu kuwa ƙura ce abokiyar gaba, a rufe injin da ƙyalle kullum in an tashi, a goge faranti kafin a fara. Kuma ku sayi ƙaramin sikeli, duk abin da aka buga a auna shi a biya kuɗin giram ɗin da aka ci, ba don riba ba, don kar zare ya ƙare a zauna wata shida ana jiran sa hannun wani.

Batun tsaro ba wasa. Ƙarfen liƙa yana kaiwa digiri 350, ba wanda zai taɓa shi sai ya zauna an nuna masa na rabin awa ya sa hannu a rajista. Tukunyar kashe gobara da akwatin magani su kasance a bakin ƙofa ba a sito ba. In Allah ya hore muku injin yanka na leza nan gaba, kar a kuskura a saka masa roba ta PVC, hayaƙinta guba ne.

Kuɗi kuma, manyan makarantun gwamnati a Najeriya suna samun tallafin bunƙasa laburare daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, amma kar ku je wa shugabanni da takarda zalla. Ku yi wata uku da ɗan abin da ke hannu, ku rubuta mutum nawa suka shigo, daga wane sashe, me suka haɗa, ku ɗauki hoto. Ranar Laraba ɗaya a wata ku gayyato mai gyaran waya ko tela daga bakin get ya koyar na awa biyu ku biya shi haƙƙinsa yadda ya kamata, kuma don Allah ku ware lokacin da ɗalibai mata za su samu teburin ba tare da maza sun mamaye shi ba. Rajistar nan da hotunan su za ku ɗora a gaban kwamiti in lokacin kasafi ya zo.