Kurakuran da masu bin kogi a cikin kwazazzabo suka fi yi, da yadda ake gyara su

A 'yan shekarun nan sha'awar fita daji yawon ƙafa tana ƙaruwa a tsakanin matasan birnin Kano, inda abokai goma ko sha biyu za su haɗa kuɗin mota su nufi duwatsun Riruwai, ko Yankari a jihar Bauchi, masu ƙarfin hali ma su doshi Gashaka Gumti da ke tsakanin Taraba da Adamawa. Abin yana faranta mini rai ƙwarai. Sai dai akwai irin tafiya guda da nake jin tsoron yadda muke tunkararta, wato bin kogi a cikin kwazazzabo, inda ruwa ya daɗe yana cin dutse har ya haƙa wa kansa hanya mai zurfi, ga bango dama ga bango hagu kamar tsakanin badala biyu. Mu mutanen shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ne. Bakano ya saba idan hadari ya haɗo daga gabas ya hango shi tun daga nesa, ya kwashe shanya ya nemi mafaka, kuma ya saba auna nisan tafiya da abin da ƙafarsa take yi a kan miƙaƙƙen titi. Kwazazzabo yana ƙwace masa waɗannan ma'aunai biyu, kuma daga nan ne yawancin kurakuran suke tasowa.

Kuskuren da ya fi kowanne cin rai shi ne amincewa da sararin da mutum yake gani bisa kansa. Hausawa na cewa ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, amma a cikin kwazazzabo wanda bai dake ka ba shi ne abin tsoro, domin ana iya kwarara ruwa a kan tuddan da ke can sama, inda idonka ba ya kaiwa, duk abin da ya zuba a faɗin wannan ƙasa ya taru ya biyo matsattsiyar hanyar da kake tsaye a cikinta, alhali rana tana haska ka. A ranar 12 ga Agustan 1997 haka ta faru a kwazazzabon Antelope da ke jihar Arizona ta Amurka, inda ruwan da aka yi a nesa ya halaka masu yawon buɗe ido 11. A nan Afirka, ranar 1 ga Satumban 2019, ambaliya ta tafi da mutum 7 a kwazazzabon gandun Hell's Gate na ƙasar Kenya, har da ɗan jagoransu. Gyaran shi ne kafin a tashi a binciki yanayin yankin da kogin yake ɗebo ruwansa gaba ɗaya. Kogin Kano, alal misali, daga gindin tsaunukan Jos yake tasowa ya ratsa dajin Falgore kafin ya zuba a madatsar Tiga, kuma damina tana riga sauka a can kafin mu gan ta a birni, saboda haka bushewar ƙasa a Kurna ko Hotoro ba ta ba da labarin komai game da shi. Idan kuwa wurin yana ƙasa da madatsa, irin Tiga ko ta Challawa da ke Ƙaraye, sai an tambayi mazauna wurin ko ana sakin ruwa, domin a irin nan kogi yana iya kawowa ba tare da ko ɗigon ruwan sama ba.

Akwai alamomin da ya wajaba kowa a cikin ayari ya haddace tun a gida. Idan ruwan da yake garau ya fara juyewa ja ko ya yi kauri, idan aka ga yayi da kumfa da karyayyun rassa suna wucewa, idan dutsen da aka taka ɗazu ya nutse, ko aka ji gurnani daga sama kamar tirela tana tahowa, to, lokacin shawara ya wuce. Abin da mutane suka fi yi a nan shi ne su ruga su bi kwazazzabon suna neman tsere wa ruwa, kuma babu ƙafar da take iya wannan. Hawa ake yi, ta gefen da ya fi kusa, ko da za a bar jaka a ƙasa. Domin haka mai hankali yana tafiya yana lura da wuraren da bango ya kwanta har za a iya hawansa, yana riƙe da na ƙarshen da ya wuce a zuciyarsa.

Wajen kwana ma wannan ruɗin yana dawowa. Bayan wunin tsallake duwatsu babu abin da yake jan gajiyayye kamar farin rairayi mai laushi a tsakiyar busasshen kogi, nan ne kuwa hanyar ruwa. A ɗaga kai a dubi itatuwan gefe. Za a ga busasshiyar ciyawa da shara sun maƙale a rassa, wani lokaci sama da tsayin mutum, wannan shi ne iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, kuma sama da nan ake kafa tanti, ko da shimfiɗar ba ta da daɗi. Nisantar bakin ruwa da dare yana da wata fa'idar a kogunan da suke da dorina, domin da dare take fitowa kiwo, kuma mummunan haɗari ne mutum ya shiga tsakaninta da ruwanta.

Wasu suna zaɓen watan Agusta saboda daji ya yi kore, hoto ya fi kyau, wasu kuma suna jira sai bazara saboda an ce musu babu ruwa. Na farko sun shiga tsakiyar lokacin ambaliya, na biyu sun shiga zafin da yake haura maki 40 a watan Afrilu, a wurin da dutse yake riƙe zafi kamar tanderu, iska kuma ba ta ratsawa. A yankinmu tsakanin Nuwamba da Fabrairu ya fi dacewa, da sharaɗin a ɗauki bargo, domin sanyin hunturu a bakin ruwa da asuba ba irin na cikin gari ba ne. Ƙasashen da suka daɗe da wannan harka doka suke kafawa a kai. Kwazazzabon kogin Fish a Namibiya, wanda tsawonsa ya kai kimanin kilomita 160, zurfinsa kuma ya kai mita 550 a wasu wurare, daga watan Mayu zuwa tsakiyar Satumba kawai ake barin masu tafiyar kwanaki su shiga, sai sun kai mutum uku, kuma sai kowa ya nuna takardar likita. Inda ba a kafa mana irin wannan doka ba, ya kamata mu kafa wa kanmu.

Sai batun lissafin nisa. Wanda yake cin kilomita biyar a awa ɗaya a kan titin Zariya yana iya shafe wannan awar bai cika kilomita ɗaya ba idan ya shiga tsakanin manyan duwatsu masu gansakuka da jaka a baya. Ga shi rana tana ɓuya da wuri a bayan bango, duhu ya riski mutane tun ana ganin haske a kan tudu. Abin da ya fi shi ne a sa lokacin juyowa tun kafin a sauka, a ce da an yi Azahar za a juyo ko an kai inda aka nufa ko ba a kai ba, kuma kada a bar mai ƙarfin cikin ayari ya warware wannan alkawari, domin da ƙafar wanda ya fi kowa rauni ake auna tafiya. Haka nan kada a dira daga wani gangare sai an tabbatar za a iya hawowa ta nan, saboda sau da yawa a gaba ake tarar da wani wanda ya fi shi zurfi, mutum ya rasa gaba ya rasa baya. Mai niyyar tafiya ya yi 'yan makonni yana hawa da sauka a Dala ko Goron Dutse da jakar da zai ɗauka, cikin takalmin da zai sa, domin sabon kambas bororo yake jawowa, silifas kuwa ba takalmin dutse ba ne.

Na sha jin matasa suna cewa kuɗin ɗan jagora asara ne tunda akwai taswira a waya. Da ɗan gari akan ci gari. Maharbi ko ma'aikacin gandun daji ya san mashigin da yake da kada, ya san kogon da zuma ta yi gida, ya kuma san abin da taswira ba za ta taɓa faɗa ba, wato wane ɓangare na dajin ne ba a shiga a wannan makon. Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa dazuzzukan Arewa da dama, har da Falgore da ke kimanin kilomita 150 kudu da Kano, sun yi fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane, saboda haka neman izini daga hukumar gandun, da gaida dagaci ko mai unguwa a sanar da shi inda aka nufa, wani ɓangare ne na tsaron rai. A bar wa wani a gida sunan wurin, da yawan mutane, da lokacin da idan bai ji labari ba zai tashi neman taimako. Waya kuwa a sauke mata taswirar da take aiki ba tare da intanet ba, a nannaɗe ta a leda, a kuma riƙi tocila da usur, domin ƙarar ruwa tana haɗiye muryar mai ihu.

Wajen haye ruwa ido yana yaudara, domin mutum yana duban zurfi ne ya mance da ƙarfin gudu. Ruwa mai tsananin gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kwashe ƙafar babban mutum. A nemi inda kogi ya yi faɗi ya lafa, a bar takalmi a ƙafa, a kwance igiyar jakar da ta ɗaure ƙugu domin a iya yar da ita idan an faɗi, a fuskanci inda ruwan yake fitowa ana dogara sanda, ana matsawa a kaikaice. Kada mutum ya ɗaura igiya a jikinsa, domin idan ya faɗi ita ce za ta riƙe shi a ƙarƙashin ruwa. Idan ruwa mai gudu ya haura gwiwa, a haƙura a jira ya janye.

Abin mamaki, ƙishirwa ta fi kama mutane a bakin kogi, saboda sun dogara da shi sun zo da gora ɗaya. Ruwan da yake garau yana iya ɗauke da ƙwayoyin gudawa daga dabbobi da ƙauyukan da ke sama, don haka a tafasa shi ya yi aƙalla minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa masa ƙwayar tsarkake ruwa. A tafi da haɗin gishiri da sukari, wato ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Dabino da gyaɗa da ƙuli-ƙuli da garin kwaki sun fi kilishi mai yaji, wanda yake ƙara ƙishi. Ban ga dalilin da zai sa a tsara irin wannan tafiya a cikin watan azumi ba.

Game da maciji, kuskuren yana zuwa sau biyu: na farko cusa hannu a tsagar dutse ko taka bayan gungume ba tare da an duba ba, na biyu abin da ake yi bayan sara. Ɗaure ƙafa tamau da tsumma, da tsaga wurin da reza, da tsotsar dafi, duk ƙara ɓarna suke yi. Dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, saboda haka tsagawa ƙofar zubar jini take buɗewa. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin, a nufi asibitin da yake da allurar kashe dafi, wanda ya kamata a ce an san inda yake tun kafin a baro gida.

Kuskure na ƙarshe sai an dawo Kano ake yinsa, wato mutum ya ɗauka tunda ya iso lafiya magana ta ƙare. Ƙwayar tsargiya tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa a ruwa mai kwanciya, ta huda fata ta shiga ko da mutum bai sha ko kurɓi ba, kuma takan yi makonni kafin ta nuna kanta da zazzaɓi, daga baya a ga jini a fitsari. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da suke hayayyafa a ruwa mai gudu su ne suke yaɗa cutar makantar bakin kogi, ga kuma sauro. Duk wanda ya ji zazzaɓi, ko ƙaiƙayin da ya ƙi tafiya, ko ya ga fitsarinsa ya sauya bayan irin wannan tafiya, kada ya tsaya a kantin magani ya sayi na maleriya kawai. Ya je asibiti, ya faɗa wa likita sunan kogin da ya shiga da ranar da ya shiga, domin a san gwajin da za a yi masa.