Yadda Za Ka Ƙirƙiri Hamada A Labarinka

Fara da dalilin da ya hana ruwa sauka. Mafi sauƙi shi ne ka jera duwatsu tsakanin teku da ƙasar: gajimare ya zubar da ruwansa a gefe guda, ɗaya gefen ya bushe. Kada ruwan shekara ya wuce milimita 250. Rana ta yi ƙuna, dare kuma sanyi ya sauko, domin busasshiyar iska ba ta riƙe zafi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne cika taswira da rairayi. Ko Sahara, yawancinta tsakuwa ce da faƙo da duwatsu.

Sai rijiyoyi, kuma su ne ke zana hanya. Ayari yakan ci kilomita 30 zuwa 40 a yini, raƙumi ɗauke da kaya wajen kilo 150. Da sanyi raƙumi kan jure kwana goma bai sha ba, amma ruwan salka na ƙarewa tun kafin nan, don haka kada tazarar rijiya da rijiya ta wuce tafiyar kwana biyar ko shida. Shi ya sa azalai, wato ayarin gishiri daga Agadas zuwa Bilma a ƙasar Nijar, ke tashi bayan damina, ya yada zango a Fachi, garin da ke da ruwa a kan hanyar. Har ciyawar raƙuma ake ɗauka, a ajiye wata a hanya saboda dawowa.

Kowane gefe na hanyar kuma ya rasa abin da ɗayan ke da shi. Bilma na da gishiri da dabino, ba ta da gero. In babu irin wannan buƙata, ba madugun da zai tada ayari.