Yadda ake daidaita jakar goyo da shirya jiki don fito da naman farauta daga tsauni

Mafarautan tsaunukan Roki a Amurka sukan ce sai dabba ta faɗi aiki ke farawa. Abin da suka fi nema a jihar Kolorado shi ne elk, wata ƙatuwar barewa mai ƙaho rassa-rassa, wadda namijinta kan kai kilo 300. In an feɗe an zare ƙashi, tsoka zalla takan kai kilo 90 ko fiye. Mota ba ta isa inda yake faɗuwa. A dazuzzukan da dokar kare daji ta Amurka ta 1964 ta keɓe ma, ko keke ko baro ba a yarda a shiga da shi ba, sai ƙafa ko doki. Ga kuma dokar jihar da ta hana barin naman ci ya lalace a daji: cinya biyu, karfata biyu da tsokar gadon baya, dole su fito. Wanda ba shi da doki, bayansa ne dokinsa.

Matakin farko, auna bayanka kafin ka sayi jaka. Tsawon mutum ba shi ne ma'auni ba, don akwai dogo mai gajeren baya. Sunkuyar da kai, ka shafa ƙeyarka zuwa ƙasa har ka ji wani ƙashi da ya turo a gindin wuya. Daga nan awon ke farawa. Sai ka kama ƙugu, manyan yatsunka na kallon juna ta baya a saman ƙashin ƙugu. Wani ya ɗauki tef irin na tela ya auna daga ƙashin wuyan zuwa layin yatsun. Da wannan awon za ka zaɓi girman firam, wato sandunan da ke tallafe bayan jakar. Jakar kuma ta zama mai firam mai ƙarfi. Irin ta 'yan makaranta ba ta wannan aikin.

Mataki na biyu shi ne ɗaurawa, kuma nan mafi yawan mutane ke kuskure. Dubi mace mai goyo: ba a kafaɗa take rataye yaro ba, a kan ƙugu yake zaune, zani da majanyi suna manne shi da bayanta, shi ya sa take wuni tana aiki da shi. Haka jakar nan take so. Zuba mata nauyi kamar kilo 15, domin jaka fanko ba ta faɗar gaskiya. Sassauta duk madaurai, ka goya. Fara da ɗamarar ƙugu: tsakiyar katifarta ya hau kan ƙashin ƙugun nan da ka taɓa ɗazu, ka ja ta tamau. Idan ta sauka kan ɗuwawu za ta riƙa harɗe maka tafiya, idan ta hau ciki za ta tare numfashi. Bayan ita sai madaurin kafaɗa, ka ja shi ya kwanta kawai, kada ya nutse cikin nama. Sannan 'yan igiyoyin nan biyu da suka taso daga saman firam zuwa kafaɗa. Ya kamata su gangaro a karkace, kusan digiri 45, su janyo kayan zuwa bayanka. In ka ga sun kwanta a miƙe ko sun yi ƙasa, firam ɗin ya yi maka gajarta, kuma duk jan da za ka yi a banza ne. Na ƙirji shi ne na ƙarshe, a ɗan kama shi.

Gwaji mai sauƙi: tura yatsa ƙarƙashin madaurin a saman kafaɗa. In ya shiga ba da kokawa ba, ƙugu ne ke ɗauke da kayan. In hannuwanka suka fara sanyi ko jin kamar kiyashi na bin su bayan 'yan mintuna, kwance ka sake.

Na uku, shirya jiki. Ba a fafe gora ranar tafiya. Farautar kwari da baka a Kolorado a watan Satumba ake yinta, don haka a fara tun Yuni. Sa yashi a buhu, ka ɗaure a jakar da za ka je da ita, da takalmin da za ka sa, ka yi tafiya sau biyu ko uku a mako. Fara da kilo 10 zuwa 15, kana ƙara kaɗan-kaɗan, kuma kada ka ƙara nauyi da nisa a mako guda. Nemi tudu ko matakalar bene. In babu, hawa da sauka a kan benci ya isa. Ni dai na fi jin tsoron gangara a kan hawa, domin hawa numfashi yake ci, gangara kuwa gwiwa take ci, sai a koya wa cinya sauka a hankali da kaya. Babu amfanin ɗaukar kilo 40 kullum don nuna jarumta. Sau ɗaya ko biyu kafin tafiya ya wadatar, don ka san inda ɗamara ke gurzar fata tun kana kusa da gida. Denba, babban birnin Kolorado, shi kansa yana kan tudun mita 1,600, wuraren farauta kuwa sukan kai mita 3,000, inda numfashi ke wuya. Wanda ya fito daga ƙasa-ƙasa ya je da kwana biyu ko uku a hannu don jikinsa ya saba.

Na huɗu, loda naman. A sa shi a buhun yadi mai shan iska wanda ke kare ƙuda, ban da leda, don leda na riƙe zafi nama ya yi wari. A rataye a inuwa ya huce, nesa da inda aka zubar da kayan ciki, saboda beyar, wata ƙatuwar dabbar daji mai haɗari, na bin ƙarni. Wajen lodi, naman ya manne da firam, daidai tsakiyar baya zuwa tsakanin kafaɗu. Tsokar da aka zare wa ƙashi takan zurare ta taru a gindin jaka kamar ƙullun fura, sai ka ji tana janka baya. A tare ta da madauri ta ƙasa, a matse ta gefe da gefe har ta daina motsi.

Kada ka finciko jaka mai kilo 35 daga ƙasa. Jingina ta da kututture ko dutse, ka zauna ka zura hannuwa, ka ɗaura ɗamara, ka mirgina kan gwiwoyi, sannan ka miƙe da taimakon sanda biyu. Taku gajere-gajere, musamman a gangara.

Sai lissafin sawu. Mutum ɗaya yakan yi zuwa uku ko huɗu kafin ya kwashe namijin elk. In nisan mota kilomita 5 ne, sawu huɗu ya zama kilomita 20 da kaya a baya, ban da komawa. Kwaɗayin rage sawu ɗaya ne ke sa mutum ya lafta abin da ya fi ƙarfinsa ya gurɗe a kan duwatsu. Wannan lissafin tun kafin a saki kibiya ake yinsa: nisan nawa ne, zafin rana yaya yake, mutum nawa ne za su taya ɗauka.