Inda za ka sauka a Hamburg idan kasuwa ta kai ka

Ranar Juma'ar da ta wuce, muna fitowa daga masallaci a Aboabo, nan Kumasi, wani yaro da shagonsa ke kusa da nawa a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da masu kayan mota, ya tare ni. Yana haɗa takardun biza, zai je Hamburg karo na farko sayen injinan mota na hannu, kuma ofishin jakadancin Jamus a Akra yana son ganin inda zai kwana. Ya miƙo mini waya ya ce, "Baba Alhaji, duba mini ɗakin nan, araha kamar kyauta." Na ce masa, "Wace tashar jirgin ƙasa ce kusa da shi, kuma minti nawa a ƙafa?" Ya yi tsuru-tsuru. Hoton gado ya gani da farin zanin gado, shi ke nan.

Ban yi masa dariya ba, don ni ma haka na yi. A zuwana na farko wani ɗan ƙanwata ya kama mini ɗaki ta intanet, an rubuta Hamburg a jiki, amma ashe can bayan Harburg yake, inda sai ka jira bas, bas ta kai ka tasha, sannan jirgi ya haye da kai kogin Elbe. Watan Disamba ne, rana tana faɗuwa wajen ƙarfe huɗu. Kullum kafin in isa wajen kaya masu sammako sun zaɓe na kirki, kafin in dawo duhu ya yi, yatsuna sun daskare. Abin da na rage a kuɗin ɗaki, tasi ta cinye shi a dare biyu da bas ta wuce ni. Araha ba ta ado, in ji mutanenmu.

Mu a Zango baƙo ba ya wannan wahala. Tun zamanin fataken goro, wanda ya taso daga Kano ko Salaga yana da maigidansa a Kumasi, shi zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali. A Hamburg ba maigida. Gari ne mai mutum kusan miliyan 1.9 da unguwanni 104, kuma abin da zai zame maka maigida shi ne layin jirgi. Saboda haka kafin ka duba kowane ɗaki, rubuta wuraren da za ka riƙa zuwa kullum: wajen sayen kaya, wajen mai loda kwantena, masallaci, wajen abinci. Buɗe taswirar jiragen HVV, wato hukumar sufurin garin, ka ga layin da ya ratsa mafi yawansu. Masaukinka ya kasance a kan wannan layin, kuma daga ƙofa zuwa tasha kada ya wuce minti 10 a ƙafa. Ɗakin da ke buƙatar bas kafin jirgi, bar shi ko da kyauta ne.

Yawancinmu 'yan kasuwa ƙafarmu ba ta rabuwa da Billstraße a unguwar Rothenburgsort, titin da rumbunan kayan hannu suka jeru, inda ake loda kayan da ke gangarowa Tema da sauran tashoshin Afirka ta Yamma. A can ne aka yi babbar gobara a Afrilun 2023. Rothenburgsort tasha biyu ce kawai daga babbar tashar jirgi, Hauptbahnhof, a layin S2. (In ka ga tsofaffin firji jibge a can kada ranka ya biya, Gana ta hana shigo da su tun 2013.) Amma wajen ciniki ne, ba wajen kwana ba. Da yamma ta yi, an rufe rumbuna, sai ka ga titi ya mutu.

Shi ya sa kusan kowa yake fara sauka a St. Georg, unguwar da ke manne da babbar tasha. Zan daɗe a kanta, domin fuska biyu gare ta. Akwai titin Steindamm, wanda in ka rufe ido ka ji hayaniya sai ka ɗauka Alabar ta Kumasi kake: shagunan Turkawa da Larabawa da 'yan Afganistan, mahauta masu naman halal, masu aski, wajen aika kuɗi gida, gurasa mai zafi tun da safe. Masallatai suna nan da yawa a lungunan, babba a ciki shi ne Centrum-Moschee a Böckmannstraße mai hasumiya biyu. Ga Musulmi baƙo wanda bai iya Jamusanci ba, ba inda ya kai nan sauƙin rayuwa. Ba ka tambayar abin da ke cikin miya, ba ka rasa jam'i.

Fuska ta biyu ita ce dare. Kewayen tashar da dandalin Hansaplatz matattarar mashaya ce da masu ƙwaya, har hukuma ta hana riƙe makami a tashar a 2023, ta hana shan giya a can a 2024. Ba wai za a tare ka da wuƙa ba, ni dai shekara da shekaru ba abin da ya taɓa samuna, amma mutumin da ya ɗauko kuɗin kwantena a jikinsa bai kamata ya riƙa ratsa wurin ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba. Kuma a unguwa ɗayar nan, tafiyar minti 5 za ta kai ka Lange Reihe, titi mai tsafta da tsada, gaba kaɗan ga tafkin Alster. Don haka a St. Georg sunan unguwa ba ya gaya maka komai, sunan titi za ka duba. Ni nakan nemi ɗaki ta ƙarshen Steindamm, wajen tashar Lohmühlenstraße ko Berliner Tor, kuma in roƙi wanda tagarsa ke kallon bayan gida, ba titi ba. Daga Berliner Tor tasha ɗaya ce zuwa Rothenburgsort.

Wanda barci ya fi masa komai, ya duba Hammerbrook, tasha ɗaya daga babbar tasha a layin S3. Unguwar ofisoshi ce, otal-otal sun yi yawa, da dare shiru kamar an yi ruwa an ɗauke. Aibinta ba abinci, sai ka saya a Steindamm ka taho da shi.

St. Pauli kuwa, musamman Reeperbahn da lungunanta, a nan ne za ka ga ɗakuna masu arahar da ke jan ido. Unguwar mashaya ce da gidajen rawa da mata masu zaman kansu, kiɗa har asuba. Kai da za ka tashi sallah lokacin da su suke komawa gida, me ya haɗa ku? Wuce.

In zamanka zai kai mako biyu ko uku, lissafi ya canja. Cikin ɗan Zango ba ya jure burodi da shawarma har tsawon haka, zai nemi tuwon zafi da wake da shinkafa. A nan gara ɗaki mai wajen girki a unguwannin talakawa: Wilhelmsburg da Veddel a tsibirin da ke tsakiyar Elbe, kamar minti 10 a S3, ko Billstedt da Horn a layin U2 da U4, ko Barmbek da Wandsbek. A irin waɗannan wurare 'yan Gana suke, da shagunan da za ka sami doya da manja da gari. Ba banza ba muke kiran wanda ya dawo daga Turai "boga", daga sunan garin nan kalmar ta fito. A Horn akwai masallacin Al-Nour, tsohon coci ne da aka mayar masallaci aka buɗe a 2018, yana da kyau ka yi Juma'a ɗaya a can. Sai dai a gidajen haya ka san cewa daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, kuma maƙwabcin Bajamushe ba ya wasa da shi. Wayar da muke yi da gida da murya sama kamar muna kasuwar Kejetia, a can tana iya jawo ƙwanƙwasa ƙofa. Tambayi kuma ko akwai lif, don tsofaffin benaye da yawa ba su da shi, ga ka da jaka mai kilo 23 har biyu.

Idan ɗan'uwa ya ce ka sauka wajensa, alhamdu lillahi, amma shi ma ka tambaye shi tashar da ke kusa. Ka tuna ɗakunansu ƙanana ne, yana iya zama mai aikin dare, kuma baƙon kwana uku daban yake da na mako uku.

Wanda ya zo da Hajiya don hutawa, ba kasuwa ba, ya nufi Altona ko Ottensen. Kusa da ruwa ne, ga shaguna, kuma daga tashar jiragen ruwa ta Landungsbrücken ana shiga jirgin ruwa mai lamba 62 da tikitin HVV na yau da kullum, ku ga manyan jiragen kwantena ido da ido. Ku leƙa Speicherstadt, tsofaffin rumbunan jan bulo inda a da ake ajiye kofi da shayi da koko, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Unguwar Blankenese kyakkyawa ce, ta masu kuɗi, Nhyiaeso ɗinsu ke nan, amma duk matakala ce, mai ciwon gwiwa ya je kallo kawai.

Sauran ƙananan abubuwa. A farkon watan Mayu ana bikin tashar jiragen ruwa, kuɗin ɗaki yana tashi a ko'ina, ka kauce ko ka kama da wuri. Akwai harajin kwana da gari ke karɓa, ka duba ko yana cikin farashin da aka nuna maka. Ranar Lahadi shaguna a rufe suke, ban da na cikin manyan tashoshi, wannan ma dalili ne na zama kusa da tasha. A daren Juma'a da Asabar jirage suna aiki har wayewar gari, sauran ranaku suna tsayawa wajen ƙarfe ɗaya. Tashoshin ba su da shinge, ba mai tambayarka tikiti a ƙofa, kada wannan ya ruɗe ka: in masu duba suka kama ka, Yuro 60 ne. Otal mai arha sosai sau da yawa bayinsa na haɗaka ne, ka karanta da kyau. Kuma saka ƙaramar butarka a jaka, ba za ka samu a ɗaki ba.

Yaron nan dai a ƙarshe ya kama ɗaki kusa da Berliner Tor, ya fi na farkon tsada, yana ta ƙunƙuni. Na ƙara masa da abu ɗaya. Daga filin jirgin sama S1 zai shiga, kamar minti 25 zuwa babbar tasha, tasha ɗaya kafin nan ma ya iso Berliner Tor. Amma ranar komawa ya shiga taragun gaba, domin a Ohlsdorf jirgin yana rabewa biyu: na gaba su tafi filin jirgi, na baya su nufi Poppenbüttel. Ya ce, "Baba Alhaji, ya aka yi ka sani?" Na ce masa na ga Poppenbüttel da idona, da jaka biyu a hannu, saura awa ɗaya da rabi jirgina ya tashi.