Yadda Ake Saƙa Ganye da Kwarashi

Duk wanda ya tsinko ganyen mangwaro ya ɗaga shi wajen haske zai ga jijiya guda ta ratsa tsakiyarsa tun daga tushe har tsini, kuma zai ga ganyen ya faro da siranta, ya buɗe a tsakiya, sannan ya sake tsukewa. Saƙar ganye da kwarashi a kan wannan tsari take tafiya. Sarƙar da aka fara yi, wato jerin madaukan zare da ake janyo ɗaya ta cikin ɗaya, ita ce jijiya, tsawon saƙar da ake jerawa a gefunanta biyu kuma shi ne yake ba ganyen faɗi da siffa. Na fi son mai koyo ta fahimci wannan tun farko a kan ta haddace lissafi, domin wadda ta gane shi za ta iya duban ganyen kowace bishiya ta fitar da kamarsa ba tare da an rubuta mata komai ba.

Ga mai koyo, zaren ulu mai matsakaicin kauri da kwarashi mai milimita 3.5 ko 4 sun wadatar, kuma zare mai haske ya fi baƙi ko kore mai duhu, saboda a cikin mai haske ne ake ganin kowane ido, wato wurin da ake soka kwarashi, sosai. Idan hannu ya faɗa, sai a koma ga siririn zaren auduga da kwarashin ƙarfe mai milimita 1.5 ko 1.75, wanda shi ne yake fitar da ganye mai kaifin baki. A tanadi almakashi da allura mai babban hanci.

Salon saƙa biyar ake buƙata, kuma tsayi ne ya bambanta su. Mafi ƙanƙanta shi ne wanda zan kira zarce: a soka kwarashi a ido, a ɗauko zare, a wuce da shi kai tsaye ta cikin madaukin da ke kan kwarashi. Gajere kuwa, a soka a ɗauko zare, madaukai su zama 2, sai a naɗa zare a janyo ta cikinsu gaba ɗaya. A rabin dogo ana fara naɗa zare sau ɗaya kafin a soka, madaukai su zama 3, a janye su a lokaci guda. Dogo haka yake farawa, sai dai ana janye madaukan biyu-biyu har sau biyu. Na ƙarshe shi ne mai naɗi biyu, inda madaukai suke kai 4, a sauke su biyu-biyu har sau uku. Mai koyo daga bidiyon intanet ta yi hattara da sunaye, domin abin da Amurkawa suke kira singil, wato gajere, shi ne mutanen Ingila suke kira dabul, dabul ɗin Amurka kuma, wato dogo, shi ne tirebul a Ingila. Wadda ta cakuɗa su za ta sami ganye ko dai ya yi tsayi fiye da kima ko ya tsuke.

Ganye na farko zagaye ɗaya kawai yake ci. A yi sarƙa mai ido 11. A tsallake idon da ke daf da kwarashi, a sa gajere a na biyu, rabin dogo a na gaba, sannan dogo a ido biyu, mai naɗi biyu a ido biyu, dogo a ido biyu, da rabin dogo guda. Ido ɗaya zai rage, kuma nan ne tsinin ganyen. A sa gajere a cikinsa, a yi sarƙa 2, a yi zarce a ido na biyu daga kwarashi domin tsinin ya fito, sannan a sake sa gajere a wannan idon na ƙarshe. Daga nan sai a kewaya da aikin ba tare da an kifar da shi ba, a bi ɗaya gefen sarƙar: rabin dogo, dogo biyu, mai naɗi biyu guda biyu, dogo biyu, rabin dogo, gajere, sai a haɗa da zarce a kan gajeren farko. Kafin a yanke zare, a yi sarƙa 6 a komo a kanta da zarce, ta zama karan ganye.

Abin da ya fi ɓata wannan ganye shi ne ɗaure sarƙar farko. Ganyayen da na fara saƙawa sun riƙa lanƙwashewa kamar ludayi, kuma na daɗe ina zargin zare kafin na gane cewa sarƙar ce nake matsewa, alhali gefuna biyu ne za su ci daga jikinta. Maganinsa shi ne a sassauta hannu, ko a yi sarƙar da kwarashin da ya ɗara na aikin da rabin milimita. Idan kuma ramuka suka bayyana a tsakiya, sai a ɗauki zare mai ɗan duhu a bi ta kan jijiyar da zarce daga tushe zuwa tsini. Wannan yana toshe ramukan, yana kuma fito da jijiyar kamar ta ganyen gaske.

Daga wannan ganye guda sauran suke fitowa. Mai son dogon ganye irin na mangwaro sai ta yi sarƙa 21, kada ta wuce dogo a tsayi, ta yawaita shi a tsakiya. Mai son ganye mai faɗin gindi sai ta matso da mai naɗi biyu kusa da kara, ta bar rabin dogo da gajere su yi yawa wajen tsini. Ganyen kuka, wanda ƙananan ganyayensa suke fita daga wuri guda kamar yatsun hannu, ana samunsa idan aka saƙa ganye 5, na tsakiya ya fi tsawo, aka haɗa gindinsu a ido ɗaya.

Ganyen da na fi ƙauna, wanda kuma ya fi cancantar a daɗe a kansa, shi ne mai rudu-rudu na ƙasar Ailan da ke Turai. A shekarar 1845 cuta ta afka wa dankalin turawa a can, aka shiga yunwa mai tsanani ta shekaru, kuma a wancan zamani aka koya wa mata da 'yan mata da yawa saƙar leshi da kwarashi domin su sayar su ciyar da gida. Tsarinsu shi ne a saƙa furanni da ganyaye daban-daban, a jera su a kan ƙyalle, sannan a haɗa su da siririyar raga. Ganyensu da gajere kaɗai ake yin sa, kuma asirinsa biyu ne. Na farko, idan aka dubi saman kowane ido za a ga zare biyu a kwance, ɗaya na kusa da mai saƙa, ɗaya na nesa; a na nesa kaɗai ake sokawa, sai na kusan ya zauna a fili ya zama layi kamar ƙananan jijiyoyin ganye. Na biyu, ba a kai kowane layi ƙarshe, kuma idanun da ake bari su ne suke ba bakin ganyen haƙora irin na darbejiya.

A yi sarƙa 11, a sa gajere tun daga ido na biyu har guda 9, a sa gajere 3 a idon ƙarshe, sannan a bi ɗaya gefen da gajere 7, a bar ido 2. A yi sarƙa ɗaya a kifar da aikin, a komo da gajere a zaren nesa har a iso na tsakiyar ukun nan, a sa 3 a cikinsa, a ci gaba da ɗaya gefen, a tsaya saura ido 2. Haka za a yi ta kai da komo har layi 6 ko 8. A wannan ganye, wurin da ake sa uku-uku shi ne gindi, saboda haka a layin ƙarshe a tsaya a idon tsakiya a yi kara daga nan. Ina ba da shawara a rataya ɗan guntun zare mai wani launi a wannan idon na tsakiya, a riƙa matsar da shi a kowane layi, domin kuskuren ido ɗaya a nan yana karkatar da ganyen gaba ɗaya, kuma ba a ganin karkatar sai an yi nisa. Idan aka riƙa barin ido 3 maimakon 2, haƙoran sun fi fitowa, ganyen kuma ya fi tsini.

Domin bakin mayafi, kallabi ko shimfiɗar tebur, ƙananan ganyaye irin na zogale sun fi dacewa. A yi sarƙa 4, a fara mai naɗi biyu a ido na huɗu daga kwarashi amma a bar madaukinsa na ƙarshe, a sake yin wani a wannan idon a bar nasa, sai a janye madaukai ukun a lokaci guda. Wannan ɗan ganye ɗaya ke nan, kuma idan aka jera su dama da hagu a jikin doguwar sarƙa sai su ba da reshe.

Akwai kuma ganyen da yake tasowa a jikin saƙa, wanda ake yi da dogo ta hanyar zagaya jikin dogon da ke ƙasa maimakon soka samansa. Ana farawa da guda ɗaya, a riƙa ƙara biyu a gefen na tsakiya a kowane layi har su kai 7, sannan a riƙa haɗe biyu-biyu a bakuna har su koma ɗaya. Yana cin zare sosai kuma yana da nauyi, don haka ya fi dacewa da bargon jariri ko hular hunturu.

Bayan an gama, a sa ragowar zare a allura a ɓoye shi ta baya, a bi layin jijiya inda ba zai nuna ba. Ganyen auduga sai a jiƙa shi, a matse a cikin tawul ba tare da murɗawa ba, a shimfiɗa a kafe tsini da haƙoransa da fil, a bar shi ya bushe a inuwa. Ɗan ruwan sitaci yana sa ya tsaya idan na ado ne. Yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa zaren roba ne, kuma dutsen guga yana narkar da shi, saboda haka a riƙe dutsen sama-sama turiri kawai ya ratsa shi, kuma kada a cire fil sai ganyen ya huce.