Yadda za ka gane abin da Bature ke nufi in ya ce egg

Kowa ya san egg ƙwai ne tun firamare aka koya mana, amma wallahi kalmar nan tana rikita mutane sosai in sun fara kallon finafinan Turanci ko karanta hirar Turawa a intanet, saboda sau da yawa babu ƙwai ko ɗaya a maganar. Dabarar ita ce kar ka yi saurin fassarawa, ka fara duba kalmomin da ke maƙale da ita tukunna.

Farko ka tambayi kanka, suna ce ko aikatau? In ka ga egg da on a bayanta, kamar they egged him on, toh ka manta da kaza gaba ɗaya. Zuga kenan, tunzurawa, irin yadda samari suke ingiza mai kantu ruwa su ce kai ai ba ka tsoron kowa, shi kuma ya shiga faɗan da ya fi ƙarfinsa. Wannan egg ɗin asalinta ma daban ne, daga tsohon yaren mutanen arewacin Turai ta fito, eggja, dangin kalmar edge ce wato kaifi, kamar kana wasa mutum har ya yi kaifi. Kalmomin da za ka iya sawa a madadinta su ne urge, goad ko incite, kuma yawanci zugar banza ake nufi, ba a cika cewa an egg on mutum ya je ya yi karatu ba. In kuma babu on, aka ce they egged his car, jifan motar aka yi da ɗanyen ƙwai, 'yan zanga-zanga a Ingila suna yi wa 'yan siyasa haka.

In suna ce, sai ka duba ko mutum ake siffantawa. Good egg mutumin kirki ne, bad egg kuma lalatacce, wanda ba a yarda da shi ba. Salon magana ne na tsofaffin Ingila amma har yanzu ana ji, kuma a Turancin Najeriya bad eggs ta samu gindin zama, duk lokacin da ake maganar ɓata-gari a cikin ma'aikata za ka gan ta a jarida. Egghead shi ne ɗan boko wanda karatu ya yi wa yawa, kuma ba yabo ba ne, akwai ɗan habaici a ciki, a zaɓen Amurka na 1952 aka riƙa liƙa wa ɗan takarar shugaban ƙasa Adlai Stevenson da magoya bayansa ita. Don Allah kar ka kira malaminka da ita kana ganin ka girmama shi.

Sai karin maganar da suka fi yawo. Egg on your face kunya ce, ka cika baki a bainar jama'a sannan abu ya kwaɓe. Walking on eggshells lallaɓa mutum ne mai saurin fushi, kana auna kowace kalma kafin ta fita daga bakinka. Nest egg kuɗin da ka adana don gaba, musamman na ritaya, kuma asalinta daga kiwon kaji ne, ƙwan bogi ake ajiyewa a inda kaza take saka ƙwai don ta ci gaba da zuwa wurin. Goose egg a wasannin Amurka sifili ne saboda siffar 0. Easter egg kuwa in a fim ne ko gem ko manhaja, wani ɓoyayyen abu ne da masu aikin suka saka da gangan don mai lura ya gano.

Wajen abinci ne nake ganin an fi shan wahala kuma nan ne ya fi amfani. Gun mai shayi kana cewa a soya maka biyu da albasa da attaruhu shikenan an gama, amma a otal ko gidan abinci a waje za a tambaye ka yadda kake so. Abin da mai shayi yake kaɗawa a kofi ya zuba a kasko ya juya, omelette ya fi kusa da shi. Scrambled shi ne wanda ake dagargazawa a kan wuta. Sunny side up an fasa an soya gefe ɗaya kawai, kwaiduwar tana sama ruwa-ruwa, in ba ka son ɗanye-ɗanye kar ka kuskura. Dafaffe ka ce hard-boiled, in ka ce soft-boiled za ka fasa ka ga cikin bai daskare ba. Kwaiduwa yolk ce kuma ba a furta l ɗin, ɓawo shell, farin kuma egg white. Egg roll ma a kula, namu dafaffen ƙwai ne a cikin fulawa a soya, na Amurka kuwa naɗaɗɗen abu ne da kabeji da nama a gidajen abincin Sinawa. Eggplant kayan lambu ne, a Ingila aubergine suke ce masa, ɗan uwan yalo ne wanda a Najeriya da Gana ake kira garden egg.

Maganar kalmomi masu ma'ana ɗaya kuwa, gaskiya ƙwan kaza ba shi da wani suna na biyu a Turancin yau da kullum, egg ɗin dai ne. A da akwai, mutanen kudancin Ingila eyren suke cewa, har William Caxton, mai buga littattafai a Ingila, ya rubuta a 1490 yadda wani ɗan kasuwa ya nemi egges wata mata ta ce ita ba ta jin Faransanci, don ita eyren ta sani. Yanzu sauran kalmomin kowacce da muhallinta. A asibiti ko ajin bayoloji ƙwan mace ovum ne, jam'insa ova, duk da likita yakan ce eggs kawai in yana maka bayani. Na kifi roe, na kwaɗo spawn, na kwarkwata nits. In ɗalibi ne kai mai shirin WAEC ko JAMB ka riƙe waɗannan daban-daban, ba a musanya su.

Sannan ta ɓangarenmu, ba duk abin da muke ce wa ƙwai ba ne egg. Ƙwan fitila bulb ne, in ka shiga shagon kayan wuta a Legas ko Akara shi za ka tambaya.